Jar Takarda a Cikin Hula

Tun da na dawo daga Garwa ban huta ba. A masallacin unguwarmu ta Tumfure, ana sallame salla sai a juyo, "Injiniya, yaya Kamaru?" Mai keken da ke kai ni cikin gari ya tambaya, malaman makarantarmu sun tambaya, har mai rake na bakin titi. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk sanda na maimaita shi sai ya ɗan ƙara kyau, ni kuma in ƙara zama gwani a cikinsa. Shi ya sa na ce gara in rubuta gaskiyar sau ɗaya, tun kafin ni kaina in manta da ita.

Sunana Buba. Shekara goma sha biyu ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan Gombe, kuma a allo nake koyar da ita, da alli. In dai zanen kwamfuta ne, ban ga mai ja da ni ba. Nakan zana maus har da wayarsa. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Daga nan aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban ƙi ba. In wani ya kawo mini na'urarsa ta lalace, sai in ɓata rai, in ce, "Bairos ne," in ce ya dawo jibi. Yana juya baya in zura ta a jaka in kai wa Isiya, wani mai gyara a lungun kasuwa. Ni da Isiya mun daɗe muna rufa wa juna asiri.

Ana nan sai wata ƙungiya ta ba makarantarmu kwamfutoci ashirin. Shugabarmu, Hajiya Asabe, ta sa aka jera su a ɗaki, aka lulluɓe kowace da atamfa, aka garƙame. Duk Juma'a a buɗe a share, a sake rufewa. Da mutanen ƙungiyar suka dawo dubawa suka tarar ko ledar jikinsu ba a ɓare ba, ransu ya ɓaci. Suka ce in zangon karatu ya ƙare yara ba su fara rubuta manhaja da hannunsu a kan na'urorin nan ba, za su kwashe su su kai wata makarantar. Amma suka ce za su ɗauki malami ɗaya zuwa horo na kwana biyar a Garwa, inda ake tara malamai daga Najeriya da Kamaru da Chadi, a koya musu yadda ake shirya kwamfuta ta zama wurin rubuta manhaja.

Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Mu ai ba mu da matsala. Muna da Injiniya."

Na ce, "Sosai kuwa, ranki ya daɗe."

Takardar gayyata ta ce kowa ya zo da laftof, kada ya sa mata komai, a can za a sa. Na karanta na yi dariya. Wa ke tafiya wata ƙasa ba guzuri? Na ɗauki tawa na nufi wurin Isiya.

"Oga, bar ni da ita," in ji shi. "Ful lodin zan yi maka. Kowace manhaja, tsohon bashon, sabon bashon, wanda ke tsakiya, duk fitowar da aka yi zan zuba. In ka je can su Faransa za su san daga Gombe ka fito."

Ya soka filashi, ya zuba, ya zuba, kamar mai cika buhun gero. Da na karɓo ta har na ji kamar ta ƙara nauyi, kuma hankalina ya kwanta.

A tasha na tarar da abokin tafiyata, Malam Modu, malamin lissafi daga wata makarantar, saura ƙiris ya yi ritaya. Babarbare ne. Ni kuwa Bafillace ne gaba da baya, don kakana da sandarsa ya shigo Gombe. Wanda ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari ya san ban yi sa'ar aboki ba. Yana ganina ya miƙo mini jakarsa.

"Madalla, sun haɗa ni da bawana. Riƙe nan, Fillo."

"Bawa ba ya ba ubangijinsa kaya," na ce. "Allah dai ya sa kada a riƙe ka a kan iyaka saboda zanen fuskar nan."

Haka muka yi ta yi har Kumo. Mutum huɗu aka cusa mu a kujerar baya, laftof ɗina a kan cinya, na rungume ta kamar jinjiri. Abin da na fara lura da shi game da Malam Modu shi ne ba ya jin kunyar tambaya ko kaɗan. Ya tambayi direba dalilin ƙarar da ke fitowa a ƙarƙashin mota. Ya tambayi wata mata a Kaltungo yadda ake gane gwanda mai zaƙi. Bayan mun wuce Cham taya ta yi faci, muka fito muka tsaya a rana, ya tsuguna kusa da direba yana tambayar sunan kowane ƙarfe. Ni na koma gefe na harɗe hannu, irin tsayuwar wanda ya riga ya san komai. A gidanmu haka aka tarbiyyantar da mu. Ba ka cewa kana jin yunwa, ba ka cewa ka gaji, ba ka cewa ba ka sani ba. Ko maciji ne ya sare ka, aka ce yaya jiki, amsar ita ce lafiya lau. Fulako kenan, kuma ina taƙama da shi.

A Numan muka ci kifi, a Jimeta muka kwana, da sassafe muka kama hanyar iyaka. A kan wannan hanyar ba zan ce komai ba, sai dai in ce wanda ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya hau ta, ya yi asarar abincinsa.

Ɓangarenmu na iyaka muka wuce lafiya. A ɗaya ɓangaren wani jami'i mai faffaɗan ƙirji ya karɓi takardunmu, ya jujjuya, ya tambaye mu da Fulatanci ko mene ne aikinmu. Kafin in buɗe baki Malam Modu ya nuna ni da yatsa.

"Wannan babban injiniyan kwamfuta ne. Duk Gombe shi ake ji."

Fuskar jami'in ta washe. Ya kama hannuna ya ja ni cikin ofis, ya tsayar da ni gaban wata tsohuwar kwamfuta da ya ce kwana uku ba ta motsi. Na waiga, babu Isiya, babu jibi. Malam Modu ya jingina da ƙofa yana jiran ya ga yadda za ta ƙare. Na ɓata rai na ce, "Bairos ne." Sai na sunkuya ƙarƙashin tebur, ba don komai ba sai don in ɓoye fuskata in yi tunani. A can na ga wata waya tana lilo, ta fita daga raminta. Na ce bismilla na mayar da ita. Na'ura ta yi tari ta farka.

Jami'in ya buga tebur don murna. Ya buga mana hatimi, ya rako mu har mota, ya kira ni da wani suna na Faransanci wanda daga jin sa babba ne. Na dubi Malam Modu na ce, "Ka gani?" Ya ce, "Na gani. Tsuntsu daga sama gasasshe."

Garwa gari ne na babura da zafi. Mu 'yan Gombe muna cewa muna da rana, to a can na san tamu ƙanwa ce. An sauke mu a wani masauki mai tsabta kusa da inda za a yi horon, ɗaki ɗaya gado biyu. Na ciro caja zan sa a bango, sai na tarar soket ɗinsu ido biyu gare shi, zagayayyu, tawa kuwa mai ƙafa uku ce. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Malam Modu ya fita ya tambayi mai masauki, ya dawo da ɗan abin da ake haɗawa guda biyu, ya jefo mini ɗaya. Na ce da ma ina shirin fita nema.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, amma yana da nasa hali. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, ba leda, mutum ya saƙala shi a hammata ya hau babur. Ranar farko ya yanke mini dasashi. Zoɓo suke kira folere, har miya suke yi da ganyensa. Akwai wani rogo da ake naɗewa a ganye, yana da ɗan tsami da danƙo, ana ci da gasasshen kifi. Malam Modu ya ci uku, ya tambayi mai sayarwa yadda ake yi, ya rubuta a takarda zai kai wa iyalinsa. Ni na ci rabi na ce na ƙoshi, na wuni da yunwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Fulatanci. A Gombe sai ka shiga gida kake jin sa da kyau, a can kuwa kowa da shi yake ciniki, har wanda bai taɓa taɓa saniya ba. Ko'ina ka juya, "Jam na?" a amsa, "Jam tan." Wato lafiya? Lafiya kawai. Na ji kamar na zo gidan kawuna.

Mu talatin ne a ɗakin horo. Mai koyar da mu wata mata ce 'yar garin, Madam Ayisatu, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Tana magana da Faransanci, ta juya Turanci, in ta ga mun yi zuru ta sako Hausa ko Fulatanci. Kafin ta ce a buɗe na'ura, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta ba kowa 'yan takardu biyu masu manne, ɗaya koriya, ɗaya ja.

"Ga dokar ɗakin nan," ta ce. "In abin da na ce a yi ya yi, manna koriya a bayan laftof ɗinka. In ya ƙi, manna ja, zan zo. Ba sai ka ɗaga hannu ba, ba sai ka yi magana ba. Ba zan wuce gaba ba sai na ga babu ja."

Na dubi jar takardar nan. Wato ni Buba, da furfurata, in kafa tuta a gaban mutanen ƙasa uku, in ce ga wanda bai gane ba? Na ninke ta biyu, na cire hulata na jefa ta ciki, na mayar da hula. Koriyar kuwa na manna ta tun kafin a fara.

Bayaninta ba shi da wuya, wannan kam zan faɗi gaskiya. Ta ce mai son rubuta manhaja abu uku yake fara tanada. Na farko tafinta, wato manhajar da ke karanta abin da ka rubuta ta fassara wa na'ura. Na biyu edita, wato shafin da kake rubutun a kai. Na uku wani baƙin allo da suke kira tamina, inda kake ba na'ura umarni kai tsaye, ita kuma ta amsa maka a rubuce. Ta ce kowa ya sauke tafinta ya sa da hannunsa, sannan ya buɗe baƙin allon ya tambaye shi lambarsa, don a tabbata sabon ne.

Ni da nake da ful lodin, me zan sauke? Na buɗe baƙin allo na rubuta tambayar. Na'ura ta ba ni wata lamba da ba irin ta kowa ba. Na sake, ta sake. Da aka ce a rubuta 'yar gaisuwa a sa tafinta ya karanto ta, na kowa ya gaishe shi, nawa ya zubo mini layi shida na faɗa da Turanci.

A gefena Malam Modu ya mai da jar takarda kamar tutar jam'iyya. Ya manna ta don bai ga inda abin da ya sauke ya shiga ba. Ya manna ta don yana buga faswod a baƙin allo ba ya ganin komai, ya rantse kibod ɗinsa ya mutu. Madam ta zo ta ce da gangan ake ɓoyewa, ya buga kawai ya danna. Ni ma abin ya ɗaure mini kai, sai ga amsa a banza. Haka na riƙa kiwo a gonarsa, in ya tambaya in kasa kunne. Sai dai ciwona daban ne da nasa, kuma babu wanda ya tambayi irin nawa.

Da na ga Madam ta fara zagayawa tana leƙa allon mutane, sai na koma ga sana'ata ta asali. Na buɗe shafin buga wasiƙa, na mai da bayansa baƙi, na mai da rubutun fari. Na saci kallon allon Malam Modu, na kwafe duk abin da ke kai, layi bayan layi. Shekara goma sha biyu ina zana kwamfuta, yau ga shi na zana ta a cikin kwamfuta. Madam ta zo ta tsaya a bayana, ta ɗan jima, ta ce, "Jam na, Malam?"

"Jam tan," na ce.

Ta gyaɗa kai ta wuce.

Rana ta biyu aka koyi yadda ake ware wa kowane aiki ɗakinsa a cikin na'ura, don kayan wannan kada su cakuɗe da na wancan. Aka koyi yadda ake adana tarihin duk gyaran da ka yi, in ka ɓata ka koma baya. Na zana duka, kuma zanen ya yi kyau. Amma da aka tashi cin abincin rana, sai na ture kifin gefe na shiga tunani. Na tuna ɗakin nan namu da atamfofinsa. Na tuna yaran da ke leƙe ta taga ranar Juma'a in ana shara. Kwana biyu sun tafi cikin biyar, ban iya komai ba, kuma a Gombe ba zane za a tambaye ni ba. Tsoro ya kama ni sosai. Duk da haka da muka koma ɗaki, na ƙara danna koriyar da babban yatsa don kada ta faɗi.

Rana ta uku da safe Madam Ayisatu ta shigo da fara'a. Ta ce, "A ɗakin nan mutum ɗaya ne tak bai taɓa manna ja ba. Ku tafa wa Malam Buba na Gombe." Aka tafa. Malam Modu ya fi kowa tafi, har da miƙewa. Ta ce, "Malam, zo da na'urarka mu haɗa da majigi, ka nuna mana yadda kake yi, kowa ya amfana."

Daga kujerata zuwa gaban ɗakin bai fi taku goma ba, amma na fi jin sa a jikina fiye da hanyar iyaka. Na yi tunanin in ce batir ya mutu, ga caja a jiki. Na yi tunanin in ce bairos ne. Na ajiye laftof a tebur, ta miƙo mini wayar majigi, mutum talatin suka zuba mini ido. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, kuma na zo ƙarshensa.

Na ajiye wayar. Na cire hulata. Takardar tana nan, ta sha gumi ta yi laushi. Na warware ta, na ɓare koriyar, na manna jar a wurinta, na juya na'urar yadda kowa zai gani.

Sai Malam Modu ya ce, "Allahu akbar! Yau na ga abin da kakana bai gani ba. Bafillace ya ce bai sani ba!"

Dariya ta ɓarke, har waɗanda ba sa jin Hausa. Ni ma na yi, don babu abin da ya rage. Na gaya musu komai, da Isiya, da ful lodin, da zanen.

Madam ta bari aka lafa, sannan ta matso ta yi mini magana da Fulatanci, a hankali, yadda ba kowa zai ji ba. "Kawu, tun ranar farko na sani. Baƙin allo yana fara kowane layi da sunan mai na'ura. Naka da sunan Malam Modu yake farawa."

Na rufe ido. Laifin da nake zane ɗalibai a kansa, a kwafi amsa har da sunan mai ita.

"To me ya sa ba ki faɗa ba?" na tambaya.

"Ni ma 'yar gidan ce, Bafillatana," ta ce. "In na faɗa a gaban mutane, da ka ɗauki jakarka ka koma Gombe. Babana shekara biyu yana fama da ciwon ciki, kullum jam tan, ba mu sani ba sai ranar da ya faɗi. Saboda irinku na kawo takardun nan, don mutum ya nemi taimako ba sai ya buɗe baki ba. Kai kuma ka sa taka a hula."

Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta dariyar da aka yi mini zafi.

Ta haɗa na'urata da majigi, ta mai da ita darasin ranar. Ashe tafinta uku Isiya ya zuba mini. Ta ce kamar gida ne mai Muhammadu uku, in ka tsaya a zaure ka ƙwala kira, wanda ya fi kusa da ƙofa shi zai amsa. Nawa na kusa da ƙofa tsoho ne tukuf, ba ya jin yaren da muke rubutawa. Ta nuna mana jerin da na'ura ke bi in tana neman wanda aka kira, da yadda ake sa wanda ake so a gaba. Ta tambaya ko akwai wanda na'urorin makarantarsa suka taɓa bi ta hannun mai gyaran kasuwa. Hannu ya tashi ko'ina, har na mutanen Chadi. Ashe kowane gari da Isiyansa.

Ba ta taɓa mini kibod ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in cire ukun duka da hannuna. Na cire. Na sauke sabo, na sa, na manta ban saka shi a jerin ba, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Na manna ja. Na gyara, na rufe baƙin allo na sake buɗewa kamar yadda ta ce, na tambayi lamba, ta ba ni irin ta kowa. Sannan na buɗe edita na rubuta layi ɗaya, na adana, na kira tafinta. A kan bango, da manyan haruffa, na'ura ta rubuto: Sannu Buba.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce zafin garin ne.

A kwana biyun da suka rage na manna ja har mannen ya daina kamawa, sai da na riƙa dafe ta da yatsa. Malam Modu ya ce in yi a hankali kada in karya masa tarihi. Kafin mu taso na goge na'urar gaba ɗaya na sake shirya ta daga farko sau biyu, ba mai tsaya mini. Madam ta zuba mana duk abin da ake bukata a filashi saboda makarantun da ba su da intanet. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya fito da wayarsa ya ce tana masa wani abu. Na duba na ce, "Wannan ban sani ba." Malam Modu ya kama bango don kada ya faɗi.

Ranar Litinin na karɓi makulli a hannun Hajiya Asabe. Muka yaye atamfofi, muka ɓare ledoji. Na sayo kwali ja da kore na yayyanka, na shigo da 'yan aji biyar, biyu-biyu a kowace na'ura. Hajiya ta zo da kanta ta zauna a baya da tata laftof ɗin, wadda ta shekara uku a kan teburinta ƙarƙashin wani kyalle mai aikin kwarashi. Ta ce ta zo sa ido ne kawai. Ita ma na ajiye mata takardu biyu.

Na yi bayanin doka, na yi bayanin tafinta, na ce kowa ya soka filashi ya fara. Bayan minti goma na ce a nuna takarda. Ɗakin nan kaf ya zama kore, kamar gonar Tumfure a tsakiyar damina. Na zagaya a hankali. Wasu ko kunna na'urar ba su yi ba. Wasu sun ɗora hannu a cinya suna tsoron taɓawa. Na ce, "Kowa ya gane?" Suka haɗa baki, "Mun gane, Malam!" Ni na koya musu wannan amsar, shekara da shekaru.

Na koma gaba na zauna a kan tebur. Na cire hulata, na ciro tsohuwar takardar nan ta Garwa, na ɗaga ta. Na ba su labarin da na ba ku yanzu, ban rage komai ba, har sunan Malam Modu a kan allona. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "To, Injiniyanku kenan. Na'urorin nan in ba ku iya su ba, mota za ta zo ta kwashe su. Ni kuma ba zan san inda kuka tsaya ba sai kun nuna mini."

Kowa yana satar kallon na kusa da shi, ba mai son ya zama na farko. Na san in suka tashi a kore, an gama.

Sai na ji motsin kujera a baya. Hajiya Asabe ce. Ta ajiye koriyarta, ta ɗaga jar sama yadda duk ɗakin zai gani.

"Malam Buba," ta ce, "fara da ni. Shekara uku ke nan ban san inda ake kunna abin nan ba."

Kafin in isa wurinta, ɗakin ya koma ja tun daga gaba har baya.

Na'urorin suna nan, ba a kwashe ko ɗaya ba. Atamfofin Hajiya ta sa an yi labule da su. Isiya ya yi fushi da ni na 'yan kwanaki, yanzu yakan zo ranar Asabar ya zauna a baya, kuma ya fi kowa cinye mini jan kwali. Masu tambayar tsarabar Kamaru kuma, ku same ni bayan la'asar. Jar takardar nan ce, tana cikin hulata, kuma ina da almakashin yanko wa kowa tasa.